Rangwamen Wasannin Kwamfuta a Lokacin Bukukuwa: Yadda Ake Lissafa Shi da Abin da Mai Saye Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ana gab da Babbar Sallah ya san yadda farashin rago ke tashi. Haka tela ke ƙara kuɗin ɗinki, haka kuɗin mota ke hawa idan mutane suka fara tafiya gida. A kasuwar wasannin kwamfuta kuwa abin akasin haka ne. Da zarar bukukuwan ƙarshen shekara sun matso, sai a ga wasan da ake sayarwa dala 60 ya koma dala 30, wani dala 15, wani ma ƙasa da dala 5. Mai waya zai ga irin wannan tallar a Play Store, ko a cikin gem ɗin da yake bugawa kullum, da jan rubutu da agogo yana ƙirga sa'o'in da suka rage.

Wannan darasi zai yi bayanin inda wannan ragi yake fitowa, wanda yake cin riba a cikinsa, da yadda mutum zai bambance rangwame na gaske da na yaudara. Abin ya shafi aljihu kai tsaye, domin mafi yawan waɗannan wasanni da dala ake biyan kuɗinsu, kuma kuskure ɗaya yana iya cinye kuɗin datar wata guda ko fiye.

Manyan shagunan da lokutan rangwamensu

Shago mafi girma na wasannin kwamfuta shi ne Steam, mallakar kamfanin Valve da ke jihar Washington a Amurka, wanda aka buɗe a 2003. Akwai Epic Games Store, na kamfanin da ya yi Fortnite, wanda ya fara aiki a Disamban 2018. Masu na'urar PlayStation da Xbox da Nintendo kowa na da shagonsa. Masu waya kuma suna da Google Play da App Store.

Steam na yin manyan rangwame sau huɗu a shekara. Akwai na watan Maris, akwai na ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, akwai na kaka, sannan akwai na ƙarshen Disamba wanda ke shiga farkon Janairu, kusan mako biyu. Na kakan shekara da shekaru a ƙarshen Nuwamba ake yin sa, sai a 2025 aka matso da shi ƙarshen Satumba. Shagunan PlayStation da Xbox su ma suna yin nasu a Nuwamba da Disamba. Epic kuwa ya saba ba da wasa kyauta kowane mako, idan Disamba ta zo sai ya mayar da shi kowace rana na wasu kwanaki.

Waɗannan lokuta suna bin al'adar ƙasashen da suka fi sayen wasannin. Black Friday ita ce Juma'ar da ke biyo bayan bikin godiya na Amurkawa, wanda ake yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, kuma daga ita ake buɗe sayayyar Kirsimeti. A Disamba ɗalibai na hutu, ma'aikata na hutu, an ba yara kyautar kuɗi ko katin sayayya, wasu kuma an saya musu sabuwar na'ura da ke buƙatar wasanni. Kamfanonin wasannin waya sun faɗaɗa abin zuwa bukukuwan sauran al'ummomi. PUBG Mobile da Free Fire, misali, sukan fito da shirye-shirye na musamman da garaɓasa a watan Ramadan, saboda yawan 'yan wasansu a Indonesiya, Pakistan da ƙasashen Larabawa.

Dalilin da ya sa farashin ke iya faɗuwa haka

Rago ɗaya mutum ɗaya kawai zai yanka. Idan masu nema suka yi yawa, ragunan ba sa ƙaruwa, don haka farashi ya hau. Kuma kowane rago an kashe masa kuɗin dusa da harawa da magani, mai shi ba zai sayar ƙasa da abin da ya kashe ba sai dole.

Wasan kwamfuta ba haka yake ba. Kuɗin da ake kashewa wajen haɗa shi, wato albashin masu rubuta manhaja, masu zane, masu sauti da masu talla, sau ɗaya ake kashe shi, kafin wasan ya fito. Bayan nan, kwafi na biyu da kwafi na miliyan duk kusan kyauta suke ga kamfanin, sai ɗan abin da ake kashewa wajen ajiye fayil ɗin da tura shi ta intanet. Ba a buga faifai, ba a biyan kuɗin dako, ba a kama hayar sito, kaya ba sa ƙarewa kuma ba sa ruɓewa. Don haka ko dala 3 aka sayar da kwafi ɗaya, kamfanin ya samu shigar kuɗin da bai da ita jiya.

Wannan ne ya sa ake ganin ragin kaso 80 ko 90 cikin 100 a kan wasanni, amma da wuya a ga irinsa a kan waya ko kwamfutar da ake buga wasan da ita. Ita wayar ƙarfe ce da gilashi da batir, kowace guda akwai kuɗin da aka kashe wajen ƙera ta.

Yadda ake raba kuɗin

Idan mutum ya biya, kuɗin ba duka ke zuwa hannun masu wasan ba. Shagon yana cire kasonsa. Steam na ɗaukar kaso 30 cikin 100. Tun ƙarshen 2018 yana rage kason zuwa 25 bayan cinikin wasa ya haura dala miliyan 10, sannan zuwa 20 bayan ya haura miliyan 50. Epic ya shigo kasuwa da kaso 12 kacal domin jawo masu haɗa wasanni. Google da Apple su ma da kaso 30 aka san su, amma a 2021 suka sauke shi zuwa 15 ga ƙananan masu manhaja da kuɗin da suke samu bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba.

Ga lissafin a kan wasan dala 60 a Steam, ba tare da saka haraji ba. A cikakken farashi, shago zai ɗauki dala 18, mai wasa ya samu 42. Idan an yi ragin rabi, farashi ya zama 30, mai wasa zai samu 21, don haka sai ya sayar da kwafi biyu kafin ya kamo abin da kwafi ɗaya ke ba shi a da. Idan ragin kaso 75 ne, farashi ya zama 15, zai samu dala 10 da rabi, sai ya sayar da kwafi huɗu.

Abin lura a nan shi ne, a Steam mai wasan ne ke zaɓar ko zai shiga rangwame da kuma nawa zai rage. Shagon yana shirya bikin ne, ya gayyaci kowa, ya ƙawata shafinsa. Kuma tunda kasonsa na bin kowace sayayya, duk yadda ciniki ya ƙaru shi ma ya ƙaru.

Me ya sa ba a sa farashi mai sauƙi tun farko?

Tambayar da ta fi muhimmanci ke nan. Idan kamfani zai iya sayar da wasa dala 15 ya ci riba, me ya sa ya fara da 60?

Amsar tana kama da abin da ke faruwa a kasuwar Kantin Kwari ko Kurmi. Mai shago ya faɗi farashi, mai saye ya taya, a ce albarka, a ƙara, har a sallama. Wanda ke sauri kuma yana da hali zai biya kusa da farashin farko. Wanda ya iya ciniki kuma yana da haƙuri zai biya ƙasa. Kaya ɗaya ne, amma kowa ya biya gwargwadon abin da zai iya. A shagon intanet babu wanda za a yi ciniki da shi, don haka lokaci ne ke yin aikin cinikin. Mai ɗoki ya biya da tsada a makon farko, mai haƙuri ya jira wata shida ko shekara.

A ɗauki misali na ƙiyasi. A ce mutum 1,000 ne ke son wani wasa. Ɗari daga cikinsu za su iya biyan dala 60. Wasu 300 ba za su wuce 30 ba. Sauran 600 kuma sai in ya sauko 15.

Idan aka tsaya a kan 60 har abada, mutum 100 ne za su saya, a samu dala 6,000. Idan aka sa 30 tun farko, mutum 400 za su saya, a samu 12,000. Idan aka sa 15, kowa zai saya, a samu 15,000. Amma idan aka fara da 60, bayan wasu watanni aka sauke zuwa 30, bayan shekara aka sauke zuwa 15, za a samu 6,000 daga rukunin farko, 9,000 daga na biyu, da 9,000 daga na uku. Jimla dala 24,000. Wannan tsarin matakala shi ne asalin duk wani rangwame da ake gani a shagunan wasanni.

Shi ya sa kuma rangwamen yake da wa'adi. Da za a sauke farashi dindindin, masu hali ma za su riƙa biyan ƙaramin. Idan aka yi shi na kwana goma sannan aka mayar da tsohon farashi, an kwashi masu jira, kuma wanda ya zo daga baya cikin ɗoki zai biya cikakke.

Abin da Valve ya gano a 2009

A watan Fabrairun 2009, shugaban Valve, Gabe Newell, ya yi jawabi a wani taron masu harkar wasanni a Amurka inda ya bayyana sakamakon gwajin da suka yi. Sun yi wa wasansu Left 4 Dead ragin rabi na ƙarshen mako guda, sai cinikinsa ya tashi da kaso 3,000 cikin 100. Ya kuma kawo alƙaluman rangwamen ƙarshen shekarar da ta gabata. Wasannin da aka rage wa kaso 10, kuɗin da suka shigo da shi ya ƙaru da kaso 35. Na kaso 25 sun ƙaru da 245, na kaso 50 da 320, na kaso 75 kuma da 1,470.

Waɗannan alƙaluma na kuɗin da aka samu ne, ba yawan kwafi ba. Ma'ana, wasan da aka fi karya wa farashi shi ya fi kawo kuɗi a wancan lokaci. Akwai kuma wata riba ta biyu: wanda ya saya da araha yakan jawo abokansa, musamman a wasannin da ake bugawa tare, kuma yakan sayi ƙarin kaya a cikin wasan ko kashi na biyu idan ya fito. Irin wannan lissafin ne ya sa Epic ya raba Grand Theft Auto V kyauta a watan Mayun 2020. Epic ne ke biyan masu wasannin da yake rabawa, shi kuma abin da yake nema shi ne mutane su buɗe asusu a shagonsa su saba da shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ba kowane kamfani ne ya yarda da wannan hanya ba. Masu wasan Factorio, wani ƙaramin kamfani a birnin Prague na ƙasar Czech, ba su taɓa yi masa rangwame ba, a Janairun 2023 ma ƙara farashinsa suka yi daga dala 30 zuwa 35. Nintendo ma ya yi suna wajen riƙe farashin manyan wasanninsa shekaru bayan fitowarsu. Hujjar irin waɗannan ita ce, idan aka saba wa mutane da ragi, kowa zai koma jira, ba wanda zai saya a ranar farko.

Dokokin da ke hana maguɗi

Tsohuwar dabarar 'yan kasuwa ita ce a ƙara farashi yau, gobe a ce an yi ragi. Steam ya toshe wannan ƙofa da doka: wasan da aka ƙara wa farashi ba za a yi masa rangwame ba sai bayan kwana 30. Haka kuma dole a bar tazarar kwana 30 tsakanin rangwame da rangwame, in ban da manyan bukukuwan shagon guda huɗu. Tarayyar Turai ma tun Mayun 2022 ta wajabta wa masu sayarwa su nuna farashi mafi ƙanƙanta da kayan ya yi a cikin kwana 30 da suka wuce duk lokacin da suka ce sun yi ragi.

Akwai kuma dokar mayar da kuɗi. Tun Yunin 2015, wanda ya sayi wasa a Steam yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa idan bai wuce kwana 14 da saye ba, kuma bai buga shi sa'a biyu ba. Valve ya faɗa ƙarara cewa wanda ya sayi wasa, washegari aka yi masa rangwame, yana iya mayarwa ya sake saye a sabon farashi, ba a ɗaukar hakan a matsayin zamba. A shekarar ce kuma Steam ya daina ragin 'yan sa'o'i da yake yi a tsakiyar manyan bukukuwansa. Yanzu farashin da wasa ya fara da shi a ranar farko ta rangwame shi ne har ranar ƙarshe, don haka babu dalilin gaggawa, babu kuma dalilin jiran ranar rufewa. A Google Play, mai neman a mayar masa da kuɗi ya yi ƙoƙari ya nema cikin sa'o'i 48 na farko, domin bayan nan yawanci sai ya koma ga mai manhajar.

Lissafin kaso da ke rikita mutane

Akwai wurare uku da ake yawan yin tuntuɓe.

Na farko, ragi a kan ragi ba a tara shi kai tsaye. Idan an yi wa wasan dala 40 ragin kaso 50, sannan aka ba da takardar ƙarin ragin kaso 20, jimlar ba kaso 70 ba ce. Rabin 40 shi ne 20, kaso 20 na 20 kuma dala 4 ne, sai a biya 16. Ragin gaba ɗaya kaso 60 ne.

Na biyu, ƙari da ragi ba su da nauyi ɗaya. Kayan dala 20 da aka ƙara wa kaso 25 ya zama 25. Idan aka yi masa ragin kaso 20, ya dawo 20 daidai. Mai saye zai ga alamar ragi, alhali tsohon farashin ya biya.

Na uku, gyara ba ɗaya take da ragi ba. Idan gem ya ce a sayi tsabar wasa 100 a samu ƙarin 50 kyauta, zai rubuta kaso 50 da manyan haruffa. Amma an biya kuɗin 100 ne aka karɓi 150, wato ragin kashi ɗaya cikin uku, kusan kaso 33. Ƙarin kaso 100 shi ne yake daidai da ragin rabi.

Dabarun da ake amfani da su a wasannin waya

Yawancin wasannin waya kyauta ake sauke su, don haka rangwamensu a cikin wasan yake: UC a PUBG Mobile, lu'ulu'u a Free Fire, CP a Call of Duty Mobile, tsaba a eFootball. Nan ne ya fi buƙatar taka tsantsan, saboda dokokin da shago irin Steam ya sa wa farashin wasanni ba su shafi waɗannan ba.

Dabara ta farko ita ce farashin da aka ja wa layi. Idan mutum ya ga 5,000 an soke ta an rubuta 999, ƙwaƙwalwarsa na auna 999 ɗin da 5,000, ba da abin da ke aljihunsa ba. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun yi rubutu a 1974 kan yadda lambar farko da mutum ya gani ke jan hukuncinsa. A cikin gem, kamfanin ne ya ƙirƙiri rigar ko bindigar, shi ya yanka mata farashin farko, kuma mai yiwuwa ba a taɓa sayar da ita a wannan farashin ba.

Dabara ta biyu ita ce kuɗin cikin wasa. Da zarar naira ta koma lu'ulu'u, mutum ya daina jin zafin kashe ta. Sannan akan tsara ƙunshin yadda ba zai yi daidai da farashin kaya ba. Misali, kayan na 800, amma ƙunshin da ake sayarwa na 500 ne da na 1,200. Dole a sayi babban, a bar canjin 400 wanda ba ya sayen komai sai an ƙara.

Dabara ta uku ita ce agogon ƙirga lokaci. A 2024 hukumar kare masu sayayya ta ƙasar Holand ta ci tarar Epic sama da yuro miliyan ɗaya, ɗaya daga cikin dalilan shi ne agogon shagon Fortnite da ke nuna wa yara kaya zai ɓace alhali wasu kayan suna nan bayan lokacin ya cika. Kafin nan, a Disamban 2022, kamfanin ya amince da biyan dala miliyan 245 a Amurka domin a mayar wa mutanen da hukumar kasuwancin ƙasar ta ce tsarin maɓallan wasan ya sa sun yi sayayyar da ba su yi niyya ba.

Dala, naira da data

Steam ba ya sa farashi da naira, da dala mai saye a Najeriya zai gani. Wannan na nufin ragin da ke kan allo rabin labarin ne kawai. A farkon Yunin 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460. A farkon 2024 ya haura 1,500. Wasan dala 20 a tsohon canji naira 9,200 ne ba tare da wani ragi ba. Wasan nan da ragin rabi, dala 10, a canjin 1,500 ya zama naira 15,000. An yi ragi a dala, amma a naira tsada ya ƙara. Mai saye a Nijar ko Kamaru bai fuskanci irin wannan girgiza ba, saboda sefa a ɗaure take da yuro. Duk da haka, kowa ya tuna cewa banki ko manhajar katin dala na da nasu canjin da nasu caji, kuma da shi ya kamata a yi lissafi.

Steam na ba masu wasanni damar sa farashi mai sauƙi ga wasu yankuna masu ƙaramin ƙarfi. Wannan ya sa mutane da dama suka riƙa sauya ƙasar asusunsu da VPN zuwa Ajantina ko Turkiyya domin su sayi wasa da araha. Yin hakan ya saɓa wa ƙa'idar shagon kuma yana iya jawo a takura wa asusun. A Nuwamban 2023 Valve ya cire kuɗaɗen ƙasashen biyu ya mayar da farashinsu dala, inda ya kafa hujja da yawan hawa da saukar darajarsu.

Sai maganar data. Manyan wasannin zamani da yawa sun kai gigabait 100, wasu sun wuce. Wasan da aka samu dala 5 yana iya cin datar da ta ninka kuɗinsa, ban da sabuntawar da za ta riƙa zuwa. Haka kuma wasan da ya fi ƙarfin kwamfutar mutum asara ne ko da kyauta aka ba shi. Kowane shafin wasa a Steam na da jerin abin da yake buƙata na RAM da katin hoto da wurin ajiya a can ƙasa.

Abin da ake saye izini ne

Wanda ya sayi wasa a shagon intanet bai mallake shi kamar yadda ake mallakar keke ba. Izinin amfani ya saya, kuma tun Oktoban 2024 Steam na rubuta hakan a shafin biyan kuɗi. Ba a iya sayar da wasan ga wani idan an gaji da shi. Idan kuma wasan ya dogara da sabar kamfani, ranar da aka kashe sabar ya mutu. Haka ta faru da The Crew na kamfanin Ubisoft, wanda aka rufe a ƙarshen Maris 2024, waɗanda suka saye shi suka rasa damar bugawa.

Wasannin ƙwallo da ke fita kowace shekara su ma a kula da su. EA Sports FC sabo na fitowa ne a ƙarshen Satumba, kuma yakan samu ragi mai kyau a Nuwamba da Disamba. Babban ragin da ake gani a kansa a Yuli ko Agusta kuwa alama ce ta cewa sabon na kan hanya, kuma 'yan wasan intanet za su koma can.

Matakan da za a bi kafin a biya

1. A rubuta sunayen wasannin da ake so tun kafin rangwame ya fara. A Steam akwai maɓallin Wishlist, wanda ke aiko da saƙo idan wasan ya samu ragin kaso 20 ko fiye. Abin da ba ya cikin jerin, a ba shi kwana ɗaya ana tunani.

2. A duba tarihin farashin. Shafukan SteamDB da IsThereAnyDeal na nuna mafi ƙarancin farashin da wasa ya taɓa yi. Idan ya taɓa sauka dala 10 yau kuma yana 20, akwai alamar zai sake sauka.

3. A mayar da farashin naira ko sefa da canjin da katin zai cire, a haɗa da kuɗin datar saukewa.

4. A duba ƙarfin kwamfuta ko waya, sannan a gwada wasan nan take, kafin sa'a biyun mayar da kuɗi su cika.

5. A yanke adadin da za a kashe kafin a buɗe shagon. Wasa goma na dala 3 dala 30 ne, kuma wanda ba a buga ba, ko nawa aka rage masa, kuɗin ya tafi a banza.

6. A saya daga shagon asali ko dillalin da kamfanin ya amince da shi. Masu tallar lambobin wasa, asusun da aka cika da kaya, ko UC mai arahar da ta wuce hankali a WhatsApp da Telegram sukan yi amfani da katin sata, kuma idan aka gano, asusun mai saye ne ake rufewa. Duk wanda ya nemi kalmar sirri ko lambar da aka turo ta waya, ɓarawo ne.

7. Idan ƙanne ko yara na taɓa wayar, a shiga saitin Play Store a kunna neman kalmar sirri ko zanen yatsa a kan kowace sayayya.

Rangwame na gaba bai taɓa yin nisa ba. A Steam tsakanin babban rangwame da mai bi masa kusan wata uku ne, kuma wasan da aka yi wa ragi sau ɗaya galibi akan sake yi masa, sau da yawa ma fiye da na baya. Wanda kuɗinsa bai cika ba a Disamba yana iya barin wasan a jerinsa ya jira Maris.